Tsofaffin kabad da durowar Ingila: me ya sa wasu ke kai miliyoyi, wasu kuma ake rasa mai saye?

A watan Disamba na 2010, a gidan gwanjon Sotheby's da ke Landan, an sayar da wata durowar katako a kan fam 3,793,250. An ƙera ta wajajen 1770, ta fito daga gidan sarautar Harrington da ke yankin Derbyshire, masana kuma suka jingina aikinta ga shahararren kafinta Thomas Chippendale. Kafin ranar babu wani kayan ɗaki ƙirar Ingila da ya taɓa kai wannan kuɗi a gwanjo. To amma a wannan shekarar, kuma har gobe, duk wanda ya leƙa ƙananan gidajen gwanjo na garuruwan karkarar Ingila zai tarar da durowa sa'arta a shekaru, ta katakon mahogani, aikin hannu daga sama har ƙasa, ana roƙon mai saye a kan 'yan ɗaruruwan fam. Wani lokaci ma a yi ta kiran farashi babu mai ɗaga hannu. Dillalai sun yi wa irin waɗannan kaya laƙabi na raini, suna ce musu kayan ruwan ƙasa, saboda launinsu.

Ba kullum haka abin yake ba. Wata ƙungiyar masu tara tsofaffin kaya, Antique Collectors' Club, ta fara auna farashin tsofaffin kayan katakon Ingila a 1968. Zuwa 2002 farashin ya ninka fiye da sau 30. Daga nan ya kama gangara, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ya zubar da sama da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Katakon bai lalace ba, aikin bai ragu ba, shekarun kayan ma ƙaruwa suka yi. Ke nan ba tsufa ba ne ke sa musu kuɗi. Sai an san abin da aka ƙera kowannensu don ya yi, da ɗakin da aka ƙera shi don ya zauna, kafin a gane dalilin da ya sa kasuwarsu ta rabu gida biyu.

Daga akwati aka fara

A ƙarni na 13 da na 14 gidan Bature ba shi da tarkacen kayan ɗaki. Akwatin katako mai murfi shi ne ma'ajin tufafi, shi ne wurin zama, in tafiya ta kama kuma a ɗora shi a keken doki. Mafi sauƙinsa falanki shida ne aka buga da ƙusa. Sai dai katako yana da wata ɗabi'a da kowane kafinta ya sani: yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, ba a tsawonsa ba. Falankin da aka danne da ƙusa ba shi da inda zai motsa, sai ya tsage. Maganin ya zo ne daga yankin da yake Beljiyam da Holan a yau: a haɗa firam mai ƙarfi, ana fafe rami a wani katakon a zura harshen wani a ciki, a buga ɗan turken katako ya riƙe su, sannan a zura siririn falanki a tsagin firam ɗin ba tare da gam ba. Falankin zai kumbura ya tsuke yadda ya ga dama, ba zai fashe ba. Shi ya sa ake samun akwatunan itacen ok na shekarun 1600 har yau da lafiyarsu.

Wannan fasaha ta haifi sana'a ta daban, har masu buga ƙusa da masu haɗin rami da harshe suka riƙa rigima kan wanda ke da ikon yin wane aiki. Sai da mahukuntan birnin Landan suka raba musu gardama a 1632, suka bar wa masu haɗi duk aikin da ke buƙatar rami da harshe da gam.

Aibin akwati ɗaya ne, wanda duk mai akwati ya sani: abin da ke ƙasa ba ya fitowa sai an kwashe na sama. A ƙarni na 17 aka fara sa durowa ɗaya ko biyu a gindinsa, daga baya durowa ta cinye jikin gaba ɗaya, murfin ya zama saman da ba ya buɗuwa. Abubuwa uku suka hanzarta canjin. Sarki Charles na 2 ya dawo daga gudun hijira a 1660 da ɗanɗanon ƙasashen Turai. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000, kowa na neman sabbin kayan ɗaki a lokaci guda. Sannan daga 1685 Kiristocin Furotesta da aka takura wa a Faransa suka kwararo Ingila, da ƙwararrun masu sana'a a cikinsu. Ta haka dabarar liƙa siririn fallen katako mai tsada a kan katako mai arha ta kafu, itacen walnot mai kyawun zane ya ture ok a gidajen masu hali. Ok bai mutu ba, ƙauye ya koma.

Kantar jere

Ma'aji rabin labarin ne. Ɗaya rabin nuna arziki ne. A zamanin da babu banki irin na yau, attajiri da basarake a azurfa da zinariya suke tara dukiyarsu, a ƙera musu faranti da kofuna da butoci, ranar biki a jera su a kan kanta mai hawa-hawa don baƙi su gani. Yawan hawan yana tafiya da girman muƙami. Da Kadinal Wolsey, babban wazirin Sarki Henry na 8, ya karɓi jakadun Faransa a fadar Hampton Court a 1527, hadiminsa ya rubuta cewa kantar da aka kafa hawa shida ce, cike da kayan zinariya da azurfa, kuma ba a taɓa ko ɗaya daga cikinsu wajen cin abinci ba, akwai wasu daban na amfani.

Wannan al'ada ta riƙa sauka daga fada zuwa gidan ɗan kasuwa, daga nan zuwa gidan manomi mai rufin asiri, sai ta zama abin da Turawa ke kira diresa: dogon teburi mai durowa a jingine da bango, daga wajajen 1700 kuma aka ɗora masa kantoci a sama. Manomi ba shi da azurfa, sai ya jera farantan gaurayen kuza. Da masana'antun Staffordshire suka fara fitar da tangaran mai araha, irin su Wedgwood da aka kafa a 1759 da Spode da ya gwanance wajen buga shuɗin zane a jikin faranti a shekarun 1780, sai kantocin suka cika da fari da shuɗi. Bahaushiyar da ta san jeren ɗakin amarya, kwanoni da langa da tangaran reras a kabad waɗanda ba a cin tuwo a cikinsu, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Mai shigowa ya ɗaga kai ya karanta matsayin gidan.

A nan ne, a ganina, daɗin abin yake, domin diresa ba aikin manyan shagunan Landan ba ce. Kafintan gari ne ya yi ta da itacen da ke kusa da shi, ok ko elm ko fayin, bisa abin da mutanen yankinsa suka saba gani. Masana suna iya kallon diresa su faɗi inda ta fito kamar yadda ake gane mutum da karin harshensa. Ta arewacin Wales a rufe take ta ƙasa, ƙofofi da durowa, bayan kantocinta ma an toshe da falanki. Ta kudancin Wales a buɗe take, da wani falanki kusa da ƙasa inda ake ajiye tukwane da tuluna. Ta Shropshire da kewayenta tana tsaye a kan lanƙwasassun ƙafafu da aka kwaikwayo daga kujerun birni, sau da yawa da siririn layin mahogani a bakin durowa don a nuna an san yayi. A arewacin Ingila akan samu mai jerin ƙananan durowoyi na kayan yaji, har da wadda aka dasa wa agogo a tsakiya. A Ailan akwai wadda aka yi wa akurkin kaji a ƙasa, don kaza ta sami ɗumin kicin ta ci gaba da ƙwai lokacin sanyi. 'Yan kasuwa sukan tattara su duka su ce diresar Wales, ko da a Yorkshire aka yi ta, domin sunan ya fi saurin sayarwa.

Wales kuwa tana da nata na musamman, kabad mai hawa uku na yankin tsaunukan arewa, wanda akan sassaƙa wa haruffan farko na sunan miji da mata da shekara a goshi. Irin wannan shekarar da aka rubuta tana ƙara kuɗi, shi ya sa ba kowace ce ta gaskiya ba.

Mahogani, da waɗanda suka sare shi

A 1709 an yi wani matsanancin sanyi a Turai da ya kashe itatuwan walnot masu ɗimbin yawa. A 1720 Faransa ta hana fitar da wanda ya rage mata. A 1721 majalisar Birtaniya ta cire haraji a kan katakon da ake shigowa da shi daga ƙasashen da take mulka a nahiyar Amurka. Manufar dokar samar wa jiragen ruwan yaƙi kayan aiki ce, amma kafintoci suka fi kowa cin moriyarta, domin ta buɗe wa mahoganin Jamaika ƙofa, tsibirin da Ingila ta ƙwace daga Sifen a 1655.

Mahogani ya dace da hannun kafinta ta kowace fuska. Itatuwan manya ne ƙwarai, ana samun falanki ɗaya da zai rufe saman teburi. Ba ya yawan murɗewa, ƙwaron katako bai cika damunsa ba, yana karɓar sassaƙa mai laushi, yana kuma ƙara kyau da tsufa. Amma ba Turawa suka shiga daji suka sare shi ba. Bayi 'yan Afirka ne, a Jamaika da Kyuba, daga baya a gaɓar Honduras, inda ake kai su cikin daji su yi watanni suna sarar itace a kan dakalin da aka kafa sama da saiwoyinsa, su ja gungumen da shanu zuwa bakin kogi su jira ruwan damina ya kwashe shi zuwa teku. Ƙasar Beliz ta yau daga wannan sana'a ta tsiro, tutarta ma tana ɗauke da itacen mahogani da masu saran itace biyu. Kamfanin Gillows, wanda Robert Gillow ya kafa a Lancaster wajajen 1730, ya yi suna ne da katakon da jiragen garin ke dawowa da shi daga tsibiran, kuma Lancaster ita ce ta huɗu a tashoshin cinikin bayi na Birtaniya. Takardun gwanjo suna son kawo sunan basaraken da ya yi odar kaya, ba kasafai suke tuna wannan ɓangare ba.

Da wannan katako aka gina saidbod, wato teburin gefe na ɗakin cin abinci. A farkon ƙarni na 18 teburi ne kawai mai saman dutsen marmara, babu durowa, inda barori ke ajiye abinci kafin a kai gaban baƙi. A shekarun 1760 mai zanen gine-gine Robert Adam ya mayar da shi wani ƙaramin dandali: teburi a tsakiya, ginshiƙin kabad a dama da hagu, tulun katako a kan kowanne, kwandon sanyaya kwalaben giya a ƙarƙashi. Kowane sashe da aikinsa. Tulun yana riƙe ruwan ɗauraye kofuna. Ginshiƙi ɗaya an lulluɓe cikinsa da ƙarfe ana sa wuta don ɗumama faranti. Ɗayan kuma sau da yawa fo ne a ciki. Bayan an gama cin abinci mata sukan tashi su bar maza da kwalabe, wanda fitsari ya matsa ba ya barin ɗakin. Wani matashin basaraken Faransa, François de La Rochefoucauld, da ya zauna a Ingila a 1784, ya rubuta yadda abin ya ba shi mamaki da ƙyama.

Wannan tsari na gidajen da ɗakin cin abincinsu ya kai girman zaure ne. Lauya da likita da ɗan kasuwa suna son irinsa amma ba su da fili, sai kafintocin shekarun 1780 suka dunƙule waɗannan sassa suka zama ɗaya: dogon jiki a kan siraran ƙafafu shida, durowar cokula a tsakiya, zurfafan durowoyi a gefe, ɗaya an shafe cikinta da dalma don kwalabe. Littattafan zane na George Hepplewhite, wanda matarsa ta buga a 1788 bayan rasuwarsa, da na Thomas Sheraton na farkon shekarun 1790, su suka yaɗa wannan ƙira har Amurka. Ya kamata a riƙe wannan: in dillali ya ce kaya Sheraton ne ko Hepplewhite, salo yake nufi. Babu wani kaya ko ɗaya da aka tabbatar ya fito daga hannun ɗayansu. Chippendale ma, wanda yake da babban shago a Landan, ya buga nasa littafin a 1754, kafintoci a ko'ina suka kwafa, kuma ba ya sa hannu ko tambari a kayansa.

Zamanin Sarauniya Victoria ya ɗauki saidbod ya hura shi. An cire harajin gilashi a 1845, sai manyan madubai suka hau bayansa. A babban baje kolin Landan na 1851 an nuna wani da aka sassaƙa daga itacen ok guda na Kenilworth, jikinsa cike da hotunan tarihi, yana nan a fadar Warwick har yau. Injin tururi ya sa aka riƙa fitar da kwatankwacinsa dubbai don matsakaitan gidaje. Yawancin abin da ke cika gidajen gwanjo a yau daga wannan zamani ya fito, da wanda ya biyo bayansa, lokacin da aka koma kwaikwayon ƙirar ƙarni na 18. Kafin nan manyan itatuwan Jamaika sun ƙare, daga ƙarshen ƙarni na 19 kuma Afirka ta Yamma ta shiga cike giɓin: gungume daga Axim a Ghana ta yau, da Legas da dazukan Benin, ana sauke su a Liverpool. Wannan mahoganin na Afirka ɗan'uwan madacinmu ne na jini, jinsinsu ɗaya. Akwai ma katakon da har yau duniya ke kira da sunan garin Sapele na jihar Delta.

Inda kasuwar ta karye

Tashin farashi na shekarun 1970 da 1980 Amurkawa ne suka hura shi. Dillalai suna cika kwantena da durowa da kabad suna turawa, masu ado na gidaje suna son ɗaki ya yi kama da gidan basaraken ƙauyen Ingila. Mutane suka fara sayen kayan katako a matsayin jari, suna cewa ba ya faɗuwa.

Abin da ya kayar da shi ba a kasuwa ya fara ba, a cikin gida ya fara. Ɗakin cin abinci na daban ya ɓace daga sabbin gidaje, aka haɗe kicin da falo, saidbod ya rasa bangon da zai jingina. Kicin na zamani da kabad ɗinsa a manne da bango yake zuwa, ɗakin kwana da wurin rataye tufafi a gine, ke nan diresa da babban sif sun zama baƙi. Matasa a birane haya suke yi, suna tashi daga wannan gida zuwa wancan, kabad mai tsawon ƙafa bakwai ba ya hawa matsattsen bene. IKEA, mai sayar da kayan ɗaki na zamani masu araha, ta buɗe shagonta na farko a Birtaniya a 1987 ta koya wa mutane cewa kayan ɗaki abin canzawa ne. Mafi muhimmanci, abin da ake jerawa ya daina magana. Tangaran ɗin kaka da cokulan azurfa ba su ne ke nuna matsayin ɗan shekara 35 a Landan ba, kuma kanta ba ta da amfani in babu abin ɗorawa. A daidai lokacin kuma tsarar da ta sayi kayan da tsada ta tsufa, tana komawa ƙananan gidaje ko tana rasuwa, 'ya'ya suna kai gadon gwanjo gaba ɗaya. Kaya suka yi yawa, masu so suka yi kaɗan. Rikicin tattalin arziki na 2008 ya ƙarasa abin da ya rage. Babban baje kolin kayan tarihi na Grosvenor House, wanda aka fara a 1934, ya rufe a 2009. Christie's, wani babban gidan gwanjon, ta rufe reshenta na South Kensington, inda ake sayar da matsakaitan kaya, a 2017.

Abin dariya, saidbod bai fita yayi ba. Dogo mai gajerun ƙafafu na shekarun 1950 da 1960, irin na kamfanin G Plan da na ƙasar Denmak, wanda a da dillalai ba sa ko kallo, shi ne matasa ke rububi, domin talabijin yana zama daram a kansa.

Takarda ta fi katako

Saman kasuwar bai faɗi ba saboda abin da ake saye a can daban ne. A 1759 basaraken Dumfries na biyar ya je shagon Chippendale ya yi odar kaya don sabon gidansa a Sikotilan. Rasit ɗin yana nan, kayan kuma suna gidan har yau. Kabad ɗin littattafai da ke cikinsu fam 47 da sule 5 aka biya. A 2007, da magajin gidan ya shirya gwanjon komai, an ƙiyasta wannan kabad kaɗai a miliyoyin fam, kafin Sarki Charles na yanzu, lokacin yana yarima, ya jagoranci haɗa fam miliyan 45 aka sayi gidan da kayansa don kada su watse. Tunda Chippendale ba ya sa tambari, rasit da tarihin gida su ne kaɗai ke raba aikinsa da na masu kwaikwayonsa. Gillows sun fi sauƙi, domin sun riƙa buga sunansu a bakin durowa daga ƙarshen ƙarni na 18, kuma littattafan lissafinsu masu ɗauke da zane da farashi suna ajiye a ma'adanar Westminster.

Inda babu takarda, sai kayan su ba da shaida da kansu, kuma gwani ba ya farawa da fuska. Durowa yake zarowa ya kifa ta. A ƙarni na 17 akan fafe tsagi a gefen durowa ta rataya a kan sanda. Haƙoran haɗin kusurwa na farko manya ne, ƙalilan, daga baya suka sirance. In duk girmansu ɗaya ne kamar an auna da ma'auni, inji ne ya yanka, ƙarshen ƙarni na 19 ke nan ko bayansa. Jijiyar falankin gindin durowa daga gaba zuwa baya take tafiya har wajajen 1770, sannan aka juya ta gefe zuwa gefe. Zarton hannu yana barin miƙaƙƙen sawu marar tsari, zarton inji mai juyawa yana barin sawu mai lanƙwasa, kuma bai yaɗu ba sai da ƙarni na 19 ya yi nisa. Sukuru mai tsinin baki na inji daga tsakiyar wannan ƙarni ne. Bayan kabad, wanda ba a taɓa shafa wa komai ba, ya kamata ya yi duhun ƙura da hayaƙin shekaru, launi ɗaya, ban da inda wani katako ya rufe shi. Ƙwaron katako ƙaramar huda yake fitowa ta ciki. In aka ga doguwar hanyarsa a buɗe a saman falanki, an yanka katakon ne bayan ƙwaron ya gama cinsa, wato daga wani tsohon kaya aka ciro shi.

Algus ɗin da ya fi yawa shi ne wanda dillalai ke kira aure: a ɗauko kantar sama ta wata diresa a ɗora a kan gindin wata. Diresa ta fi kowane kaya fuskantar wannan, domin da yawansu tun asali ba su da sama. Sai a duba ko katakon sama da na ƙasa sun yi tsufa iri ɗaya, ko inuwar da ƙafar kantar ta bari a saman teburin ta yi daidai da inda take zaune yanzu. Abin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 19 titin Wardour na Landan ya yi suna wajen harhaɗa guntayen tsohon ok na coci-coci a fitar da kabad da ake cewa na zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko ne. Mutanen zamanin Victoria kuma sun ɗauki akwatuna masu santsi na ƙarni na 17 sun cika su da sassaƙa don su ƙara kama da na da. A 2008 wani mai gyaran kayan katako a Kent ya fallasa cewa ya shafe shekaru yana ƙera wa wani babban dillalin Landan kaya daga tsofaffin sif, ana sa musu farashin dubban ɗaruruwan fam a matsayin na ƙarni na 18.

Akwai kuma ɓarnar da aka yi da kyakkyawar niyya. Diresar fayin ta kicin da fenti aka yi ta tun farko. A shekarun 1970 da 1980 aka yi yayin farin katako, aka riƙa tsoma su a tankin ruwan soda don cire fentin, gam ya narke, katakon ya yi furfura. Yanzu wadda ta tsira da fentinta na asali, ko ya goge ya yi dabbare-dabbare, ta fi wankakkiyar kuɗi nesa ba kusa ba. Haka ƙyallin da kakin zuma da gogar hannu suka tara a jikin ok cikin shekara 300: mai gyaran da ya kankare shi ya fesa sabon fenti mai sheƙi ya zubar da rabin darajar kayan a wuni ɗaya.

Mai sha'awar saye daga nesa yana da ƙarin abin lura. A ƙa'idar kwastan, sai kaya ya haura shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi. Birtaniya tana neman lasisin fitarwa ga abin da ya wuce shekara 50 in darajarsa ta kai wani mataki. Dokar hauren giwa ta 2018, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana cinikin duk abin da ke da haure, kuma durowoyin ƙarni na 18 da yawa suna da ɗan haure a bakin ramin makulli. Sai an yi musu rajista a nuna an ƙera su kafin 1947 kuma hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsu ba. Sannan ga yanayi. Masu adana kayan tarihi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Hunturun Kano ko Damagaram yana saukar da shi ƙasa da 20. Katakon da ya shekara 200 a danshin Ingila zai tsuke, siririn fallen da aka liƙa da gam ɗin fata ya ɗaga, faffaɗan gefe ya tsage. Tsohon akwatin ok mai firam da falanki sakakke ya fi saidbod mai ƙyalli jure wannan.

A can Ingila kuwa, masu saye sun fara dawowa ta ƙasa: matasan da suka lura cewa durowar mahogani ta 1820 ta fi ta zamani da ake matsewa daga garin katako araha da ƙarko, da masu shafa musu fentin zamani su sayar a intanet, abin da ke sa tsofaffin dillalai cizon yatsa. Manyan sif da saidbod na zamanin Victoria su ne har yanzu ba su sami mai so ba. Mahoganin tsibiran Karibiyan ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ke sa wa ido a 1992, na yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ya bi shi a 2003, kuma falanki mai faɗi da nauyi irin na da ba ya samuwa a wurin masu sayar da katako. Saboda haka masu gyara da masu ƙera kayan kiɗa suke zuwa gwanjo su sayi irin waɗannan sif a kan kuɗi kaɗan, su kai shago su wargaza su don falankin.